Gwaje-gwajen Bugun Zafi a Bazarar Kano: Me Ake Fara Yi, Me Zai Iya Jira

Daga Maris zuwa saukar ruwan farko, ranar Kano ba ta da sauƙi. A Afrilu zafi kan kai digiri 40 ko ya ɗara, kuma a lokacin ne ake yawan kwaso mutane zuwa imajansi na Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano: ɗan dako da ya yanke jiki ya faɗi yana sauke buhuna a Dawanau, tsohuwa da aka tarar tana sambatu a ɗakin kwano ga babu wuta, jariri da aka naɗe da zani da hula da safa tsakar rana. Jiki rau, hankali ya gushe. 'Yan uwa kuma tambayarsu ɗaya ce: wane gwaji za a yi a gane ko rana ce ta buge shi?

Babu gwajin jini guda da zai fito ya ce bugun zafi ne. Likita abu uku yake haɗawa: inda mutum yake da abin da yake yi kafin ya faɗi, zafin cikin jikinsa da ya haura digiri 40, da rikicewar ƙwaƙwalwa, ko sambatu ne ko jijjiga ko suma. Duk sauran takardun da za a miƙo maka ka kai ɗakin gwaji aiki biyu suke yi. Wasu na kore cututtukan da ke kama da shi ne, wasu kuma na bin sawun ɓarnar da zafin ya yi wa ƙoda da hanta da tsoka da jini. In ka riƙe wannan, za ka san wanda ake gaggawarsa da wanda zai iya kwana.

Mataki na farko: a fara sanyaya shi, kada a jira sakamako

Wannan ba gwaji ba ne, amma duk gwajin da aka yi kafin shi ɓata lokaci ne. Ɓarnar bugun zafi tana bin tsawon lokacin da jiki ya ɗauka yana sama da digiri 40, shi ya sa abin da ake nema shi ne a sauko da zafin ƙasa da 39 cikin minti 30.

A kai shi inuwa, a cire masa kaya masu nauyi, a kwantar da shi ta gefe saboda amai. In matashi ne da ya faɗi a wurin aiki, abin da ya fi sauri shi ne a tsoma shi cikin ruwan sanyi har wuya, wani yana riƙe da kansa. In babu babban baho, a shimfiɗa tamfal, mutane su ɗaga gefunansa, a zuba ruwa da ƙanƙara. Tsoho ko yaro, a yi ta yayyafa masa ruwa ana fifita da ƙarfi, a sa ledar ruwa mai sanyi a wuya da hammata da matsematsi. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa ko kunu ko rubutu a baki, zai shaƙe. A ci gaba da jiƙa shi a cikin a-daidaita-sahu har a isa asibiti. Mutum yana zabura yana faɗin abin da ba a fahimta, sai wani ya ce iska ce. A yi masa addu'a, amma a yi ta a hanyar asibiti.

Kada a ba shi farasitamol ko diklofenak ko asfirin. A zazzaɓi, ƙwaƙwalwa ce da kanta take ɗaga zafin jiki, waɗannan magunguna kuma su sauko da shi. A bugun zafi kuwa jiki ne ya kasa fitar da zafin da ya taru, don haka ba abin da za su yi sai ƙarin nauyi: farasitamol ga hanta, diklofenak ga ƙoda, asfirin ga jinin da ke iya tsinkewa.

Mataki na biyu: labarin da za ka ba likita

Wanda ya ga faɗuwar shi ya kamata ya shiga wurin likita, ba babban gida da aka kira a waya ba. Faɗi a taƙaice, kamar haka: "Likita, tun hantsi yake tura baro a Kwari, yana azumi. Bayan azahar ya ce kansa na juyawa, sai ya fara magana ba kan gado, ya faɗi. Mun zuba masa ruwan sanyi kusan minti 20 kafin mu taso. Jiya lafiyarsa lau."

Jimla biyu na ƙarshen nan sun fi kowace nauyi. In an sanyaya shi a hanya, ma'auni na iya nuna 38.5 a asibiti, kuma likitan da ba a gaya wa ba zai iya kau da tunanin bugun zafi. "Jiya lafiyarsa lau" kuma yana nisanta maleriya da sanƙarau, waɗanda yawanci sukan fara da zazzaɓi da ciwon kai kafin su kayar da mutum.

Ka taho da duk maganin da yake sha, har kwalin. Magungunan hawan jini masu sa fitsari, magungunan taɓin hankali irin su halofaridol, da wasu magungunan mura da ƙaiƙayi masu sa barci, duk suna rage ƙarfin jiki na fitar da zafi. In kuma yaron yana taɓa tiramadol ko wasu ƙwayoyi, a ja likita gefe a gaya masa. Tiramadol kaɗai na iya kawo jijjiga, kuma ɓoyewar kunya ba za ta amfane shi ba. A faɗi ciwon suga, farfaɗiya, sikila, maƙoƙo, ko juna biyu in akwai.

Mataki na uku: auna zafi ta inda ya dace

Nan ne ake yawan kuskure. Na'urar da ake haska goshi, wadda ta cika gari lokacin korona, zafin fata take karantawa. Fatar wanda aka jiƙa da ruwa, ko wanda jininsa ya janye daga fata, tana iya nuna 37 alhali cikinsa na kan 41. Na hammata da na baki da na kunne su ma ba abin dogaro ba ne a wannan hali. Ma'aunin da ake yarda da shi shi ne na dubura.

Na san abin yana da nauyi, musamman in dattijo ne ko matar aure. A nemi labule, a nemi ma'aikacin jinya jinsinsa in akwai, amma kada a hana. Da wannan awon ake sanin an kamu, da shi kuma ake sanin lokacin da za a dakatar da sanyayawa, wato in ya sauko wajen 38.5 zuwa 39, don kada a wuce gona da iri. Ana maimaita shi a kai a kai har ya daidaita.

Kada gumi ya ruɗe ka. An saba cewa mai bugun zafi fatarsa a bushe take. Hakan na faruwa ga tsofaffi da marasa lafiyar da zafi ya dafa a ɗaki kwana da kwanaki, amma birkila ko ɗan ƙwallo da ya faɗi yana aiki sau da yawa sharkaf yake da gumi. Abin da ke raba bugun zafi da galabaitar zafi ta yau da kullum shi ne hankali. Mai galabaita yana jin jiri da tashin zuciya da kasala, amma ya san sunansa, ya san inda yake.

Mataki na huɗu: abin da ake yi a gefen gado cikin mintuna

Na farko suga, da ɗigon jini daga yatsa. In ya yi ƙasa da 3.9, ko 70 a na'urorin da ke ƙirga da ɗaya ma'aunin, ana ba da ruwan suga ta jijiya nan take. Faɗuwar suga kaɗai na iya sa mutum sambatu da suma, ga mai azumi ko mai ciwon suga da ya sha magani bai ci abinci ba, kuma bugun zafin kansa yana jawo ta. In ya yi sama ƙwarai, wannan ma wata hanya ce da likita zai bi.

Sai awon hawan jini, bugun zuciya, numfashi, da ɗan abin da ake maƙalawa a yatsa don ganin iskar oksijin. Likita zai auna zurfin suman da maki daga 3 zuwa 15, ya haska ido, ya lanƙwasa wuya, ya duba ko wani ɓarin jiki ya fi wani rauni, ya lalubi kai ko an bugu wajen faɗuwa. Tambayi makin farko ka riƙe shi, domin da shi za a gwada ko ana samun sauƙi. Mai juna biyu da ta yi jijjiga, awon hawan jini da na fitsari su ne za su nuna ko jijjigar masu ciki ce, wadda maganinta daban ne.

Za a sa masa robar fitsari. Ba don wahalarwa ba ne: yawan fitsarin da ke taruwa kowace awa shi ne labarin ƙoda mafi sauri, tun kafin jini ya dawo daga ɗakin gwaji. In akwai na'urar ECG, mai zana yadda zuciya ke bugawa, a yi, musamman ga dattijo.

Mataki na biyar: kama da wane ba ta wane

A Kano, zazzafan jiki da gushewar hankali a watan Afrilu na da masu shi da yawa, kuma biyu daga cikinsu ba sa jira.

Maleriya ta fi yawa da damina da kaka, amma ba ta ƙaura da bazara. Gwajin gaggawa na yatsa yana fitowa cikin minti 15 zuwa 20, sannan a tabbatar da na madubin ɗakin gwaji, wanda ake rubutawa MP a takarda. Sai dai akwai tarko. Mutane da yawa a nan suna yawo da ƙwayar maleriya a jini ba tare da ciwo ba, kuma gwajin gaggawar kan ci gaba da nuna akwai har makonni bayan an sha magani an warke. Don haka in ya nuna akwai, za a yi maganin maleriya, amma wannan bai wanke rana ba. Kada wani ya ce "ashe maleriya ce" a ajiye ƙanƙara.

Sanƙarau kuwa lokacinsa ɗaya da na bugun zafi. Kano na cikin yankin da cutar ke zagayowa da rani, kuma manya ba su manta da annobar 1996 ba, wadda ta kashe fiye da mutum 11,000 a Najeriya. Sanƙarewar wuya, ƙin haske, amai, ƙuraje masu duhu a fata, ko wani a gida ko a makarantar allo da ya yi irin ciwon, duk suna ƙara zargi. Tabbaci sai an ɗebi ruwan ƙashin baya da allura. Mutane na tsoron wannan gwaji suna cewa yana gurgunta mutum, alhali allurar tana shiga ne ƙasa da inda lakar ta ƙare. Abin da likita ke dubawa kafin ya yi shi ne ko jinin majiyyacin yana daskarewa yadda ya kamata, da ko akwai alamar matsi a cikin kai. In akwai shakka, zai fara allurar kashe ƙwayoyin cuta ya jinkirta ɗiban ruwan. Wannan daidai ne, ba ruɗewa ya yi ba. In da hali a ɗebi jinin da za a shuka don neman ƙwayoyin cuta kafin allurar farko.

Sanyayawar kanta ma tana ba da haske. Mai bugun zafi da aka kama da wuri, hankalinsa kan fara dawowa yayin da zafin ke sauka. Wanda zafinsa ya sauka amma suman na nan, ko zafin ya sake tashi bayan awoyi, sai a ƙara zurfafa bincike.

Gwajin taifod na Widal, wanda ake son haɗawa da kowane zazzaɓi, ba shi da abin da zai faɗa a nan. Ajiye kuɗinsa.

Mataki na shida: jini da fitsari, da abin da kowanne ke nema

Takardar da aka rubuta E/U/Cr ita ce ta gishirin jini da ƙoda, kuma a ganina ita ce uwa. Sodiyam daidai yake tsakanin 135 da 145. Tsohuwar da ƙishirwa ta busar nata zai hau. Lebura da ya wuni yana gumi yana ɗirkar zallar ruwa nasa na iya faɗuwa, faɗuwar kuma ita kanta tana kawo ruɗewa da jijjiga. Su biyun ba ruwa iri ɗaya ake ƙara musu ba, ba kuma da sauri ɗaya ba. Dalilin ke nan da ƙarin ruwa a kyamis ko a gida ba tare da awo ba yake da haɗari. Fotasiyam daidai yake daga 3.5 zuwa 5. In ya haura 6 yana iya tsayar da zuciya, kuma yakan hau ne idan tsoka ta narke ko ƙoda ta gaza. Yuriya da kiriyatinin su ke nuna ƙarfin ƙoda. In suna hawa kullum fitsari na raguwa, a fara maganar komawa inda ake wankin ƙoda, kamar Asibitin Malam Aminu Kano, tun kafin abu ya ƙazanta.

Gwajin CK na narkewar tsoka ne, kuma ya fi shafar wanda ya faɗi yana aikin ƙarfi. In ya ninka iyakarsa sau biyar, wato wajen 1,000, an tabbatar. In ya wuce 5,000, ƙoda na cikin haɗari, domin abin da tsokar ke zubarwa cikin jini yana toshe ta. Ba kowane ɗakin gwaji ke yin CK ba, amma akwai hanya mai araha. Dubi fitsarin da ke cikin jaka: in ya yi launin baƙin shayi, a gaya wa nas. In tsinken gwajin fitsari ya nuna akwai jini, amma aka duba a madubi ba a ga ƙwayoyin jini ba, to daga tsoka abin yake fitowa, kuma likita zai ƙara ruwa sosai don wanke ƙodar.

FBC na ƙirga ƙwayoyin jini. Abin lura a ciki shi ne ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, waɗanda yawansu ya kamata ya kai 150,000. Tare da shi ake yin PT ko INR, na saurin daskarewar jini. Zafi mai tsanani na iya rikita wannan tsari, jini ya riƙa tsattsafowa daga wurin allura ko dasashi, ko kashi ya fito baƙi. Yawan fararen ƙwayoyin jini kuwa ba ya tabbatar da ƙwayar cuta, bugun zafi kaɗai na ɗaga su. In aka ga zubar jini tare da zazzaɓi da rani, kada ka ji haushi idan ma'aikata suka ƙara safar hannu suka ware shi, zazzaɓin Lassa suke kiyayewa har a tabbatar.

LFT na hanta ne, lambobi biyu za ka duba, AST da ALT. A manyan asibitoci ana ƙarawa da awon tsamin jini, wanda ke nuna ko jini na isa gaɓoɓi. Wanda ba a san rukunin jininsa na sikila ba, a duba: mai SS ƙishirwa na tayar masa da ciwo, mai AS kuma ya fi saurin narkewar tsoka in ya yi aikin ƙarfi cikin zafi.

Mataki na bakwai: hotuna

Ba kowa ke buƙatarsu ba. Hoton ƙirji ana yinsa in numfashi ya yi wuya ko ana zargin amai ya shiga huhu. Hoton kai na CT sai in ɓarin jiki ya shanye, ko an bugu a kai, ko zafi ya sauka hankali bai dawo ba. Bugun zafi shi kaɗai yawanci ba ya nuna komai a CT na ranar farko, don haka kada a ɗauke majiyyaci daga inda ake sanyaya shi a tafi layin hoto.

In kuɗi bai kai ba

Kada ka karɓi takardu ka fita waje kana lissafi kai kaɗai, ka zaɓi mai araha. Koma ka ce, "Likita, abin da ke hannunmu ke nan, wanne za mu fara?" Ba abin kunya ba ne, kullum suna jin haka. Jerin da na fi gamsuwa da shi: suga, maleriya, gwajin fitsari, E/U/Cr, sannan FBC. Hanta da daskarewar jini su biyo baya, CK kuma ya matso gaba in lebura ne ko fitsari ya yi duhu. Ka rage wani abu na gobe da jibi, domin akwai waɗanda dole a sake.

Mataki na takwas: a sake gwaji, kada a yi saurin tafiya gida

Yakan faru mutum ya farfaɗo da yamma, ya nemi fura, sakamakon farko ya fito lafiya, 'yan uwa su fara naɗe tabarma. Nan ne haɗarin yake. Jinin da aka ɗiba awa ɗaya bayan faɗuwa bai riga ya nuna ɓarnar ba. AST da ALT sukan kai ƙololuwa a rana ta biyu zuwa ta uku, wani lokaci su shiga dubbai, ido ya yi rawaya. Rikicewar daskarewar jini ita ma tsakanin awa 24 da 72 take bayyana. CK da kiriyatinin na iya ci gaba da hawa bayan kwana ɗaya. Saboda haka wanda aka tabbatar yana da bugun zafi ana riƙe shi aƙalla kwana biyu zuwa uku, ana maimaita gwajin ƙoda da hanta da ƙirgen jini kullum, ko fiye in lambobin na motsi. Ka jera sakamakon bisa kwanan wata, domin inda lamba ta dosa ya fi lambar kanta muhimmanci. In ido ya yi rawaya, kada a shigo da jiƙon shawara daga gida, hantar ba ta da ƙarfin ɗaukar wani abu.

Bayan sallama, a bar aikin ƙarfi aƙalla mako guda, a koma a sake gwajin hanta da ƙoda, sannan a dawo aiki sannu a hankali cikin makonni, ana farawa da sanyin safiya. In tafiyarsa ta zama tangaɗi, ko harshe ya yi nauyi, ko mantuwa ta yi yawa, a mayar da shi, domin sashen ƙwaƙwalwa mai kula da daidaiton tafiya shi zafi ya fi taɓawa.

Azumin 2024 da na 2025 duk sun ratsa watan Maris, don haka tambayar komawa azumi na tasowa. Marar lafiya yana da rangwamen ramuwa, kuma ranar komawa likita ne zai faɗe ta bayan ya ga kiriyatinin na ƙarshe. Haka maniyyaci: a Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, mahukuntan Saudiyya kuma suka sanar da rasuwar mahajjata fiye da 1,300. Wanda bugun zafi ya taɓa kwantarwa yana iya zama mai saurin sake kamuwa, don haka ya tafi da takardun gwajinsa wurin tantance lafiyar maniyyata, ya nuna wa likitan tawaga da bakinsa.